Agogon Baba

A Dundee, ranar Talata, ruwa na tsugawa,
na tuɓe riga a ɗaki mai warin sabulu.
Nas Morag ta manna min faci arba'in a gadon baya,
kowanne da ɗigon abin zargi:
roba, turare, rinin gashi, ƙarfe, man shafawa.
Ta ce, kwana biyu ba wanka, ba gumi.
Na ce, a garin nan wa ke gumi?
Ta yi dariya har alƙalaminta ya goce.

Wata bakwai ke nan wuyan hannuna na hagu
yana ci kamar an barbaɗa masa ƙaiƙayin gero.
Ƙuraje su yi ruwa, su fashe, su bushe,
fata ta koma bayan kada.
Cikin dare Asabe ta kan riƙe yatsuna,
ta ce, Tanimu, za ka kai ƙashi.

Da aka ɓare facin, talatin da tara sun yi gum,
ɗaya ya tashi jawur, ya kumbura, ya tona asiri.
Dakta Penhallow ya ce, nikel ne,
ƙarfen maɓallin wando da makulli.
Sai idonsa ya sauka a hannuna,
ni kuma nawa ya sauka ƙasa.

Agogon Baba ne.
A Zariya ya saye shi da albashin farko na aikin jirgin ƙasa,
shi ya ɗaura min ranar da zan taho,
bai ce komai ba, ya dai matse maɗaurin.
Har yau ban juya shi ba,
lokacin gida yake bugawa.

Don haka da suka nemi masu gwaji, na miƙa hannu.
Farar kwalba, lamba a jiki, ba suna.
Rabinmu ƙwayar kashe ƙaiƙayi muke haɗiya,
rabinmu garin banza da aka dunƙule,
likitan ma bai san wa ke shan me ba.
Na ce, wannan ai caca ce.
Ya ce, in na sani, idona zai yi son kai.

Kowace safiya in ba ƙaiƙayi maki
kamar malamin firamare.
Litinin bakwai. Talata bakwai. Laraba shida,
ko don barci ya danne ni ne?
Barcin ya zo, jan bai tafi ba.

Mako na shida ya zaunar da ni.
Ya ce, ƙwaya na iya toshe bakin ɗan aike guda,
amma jikinka na da wasu dakaru
masu haddace fuskar baƙo,
kuma ba sa mantuwa.
Na ce, baƙo?
Shekara goma sha ɗaya muna kwana tare.

Sakamako sai baɗi, in ji su.
Ban san me na sha ba, na dai zama lamba a jadawali,
wataƙila ta amfani wani da ban sani ba.

Asabe ta ɗinka 'yar jaka da ƙyallen tsohon zanenta.
Yanzu agogon na aljihun ƙirji.
Hannu ya warke, saura farin zobe a fata.
A motar safe, in mun hau gadar Tay,
nakan kai ido wurin, in ga ba komai,
sai in dafa aljihu.
Can gida bakwai ta yi.