Jaka Goma Sha Biyar

Sunan Baba ya fito a jerin tallafi,
an manna shi a bangon meri, nan Tawa,
lamba ta ɗari biyu da bakwai:
Nomau Arzika, mai gyaran keke.
Mu kuwa shekaranjiya muka yi sadakar arba'in.

Na tafi da gwangwanin madara
inda yake adana takardun lamho,
shekara talatin da ɗaya, ba wadda ya tsallake,
har ta shekarar da fari ya cinye awakinmu.

Ma'aikacin ya gyara tabarau:
"Yaushe ya cika?
In bayan rufe rajista ne, haƙƙin magada ne.
In kafin nan, kuɗi su koma Yamai."

Kwana uku ne tsakani.
Ta wane gefe, ban faɗa ba tukuna.

Gero tiya biyu ya rage wa Inna.
Amma Baba, ko dala ce canjin faci,
sai ya bi mai ita har tasha.

Ma'aikacin ya ɗaga hatimi, yana jira.
Na buɗe baki,
murfin gwangwanin yana ta rawa a hannuna.