Kumfa a Kwanon Mai Faci

Na sauka Daura da biro biyu
da sabon littafi, ko layi ɗaya bai ɓaci ba.
Na ce da kaina: kwana uku kacal,
in koma da labarin da zai sa mai karatu
ya ɗaure kaya ya zo ya gani da idonsa.

Rijiyar Kusugu na fara nufa,
kamar kowa.
Na leƙa, na kurɓa, na ɗauki hoto,
na sami inuwa na buɗe littafi.
Duk kalmar da na ɗora kan takarda
sai in ga sawun wani a bayanta.
Guga dubu sun riga ni;
nawa ya sauka, ya dawo da iska.

Rana ta biyu na yi ta zagaya ganuwa a zuci,
ina tambayar mutane: ina abin gani?
Wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna inda na fito.
Da azahar na rubuta "akwai zafi",
na soke.

Sai tayar ɗan acaɓa ta sace
a hanyarmu ta zuwa Mai'adua.
Muka tura babur, gumi har cikin takalmi,
zuwa gindin wani dalbejiya
inda Ɗan'asabe mai faci ke zaune kan tsohuwar batir.
Bai tambaye ni daga ina ba.
Ya zare tif, ya hura, ya nutsa shi
cikin rabin jarka mai ruwa baƙi ƙirin,
yana juyawa a hankali, taƙi bayan taƙi.

Na ce, malam, sauri muke.
Ya ce, huji ba ya jin sauri.
Ido ba ya ganinsa, sai ka nutsa ka jira,
shi da kansa zai yi magana.

Can sai ga kumfa,
ƙanana, a jere, kamar carbi ya tsinke a ruwa.

Ban san sanda na rufe littafin ba.

Ina zaune a wurin Lantana ta iso da ƙwaryar fura,
tana faɗa da wani direba kan bashin shekaran jiya,
ta gama zaginsa tas, ta ƙara masa nono.
Wani tsoho, Baba Gagare, ya ce shekara talatin
yana kai albasa ƙetaren iyaka a kan keke,
ya san kowace tsamiya da sunan wanda ya huta a gindinta,
amma bai taɓa leƙa rijiyar nan da na zo dominta ba.
Ta kusa ce, in ji shi, ba za ta gudu ba.
Wani yaro yana canza sefa da naira a ka,
ya fi na'urar aljihuna sauri,
ya kuma cuce ni hamsin, yana dariya.

Faci ya kama. Na biya.
Na ce da ɗan acaɓa ya tafi, a nan zan kwana.

Yanzu littafin ya yi kunnen kare,
akwai tabon fura a shafi na tara,
da zanen yatsan Ɗan'asabe, baƙi, inda ya riƙe
yana gyara mini yadda ake rubuta sunan ƙauyensu.
Biro ɗaya ya ƙare, ɗayan Lantana ta ara
don rubuta masu bashi, ba ta maido ba.

In an tambaye ni me za a gani a Daura,
zan ce a je rijiya, a sha, ruwan da sanyi.
Daga nan a roƙi Allah taya ta sace.