Mutum Biyu, Gidan Sauro Ɗaya

An ba ni kati da biro da guntun alli,
aka ce: Kakuri, layin bayan masaƙa.
Ƙirga kawuna, ban da sauraren labari.
Mutum biyu, gidan sauro ɗaya.
Na ce to, lissafi ai ba ya gardama.

Gida mai lamba sha bakwai,
ɗaki tara, rijiya guda, igiyar shanya uku.
Tun daga zaure takalma suka fara ba ni amsa:
ƙanana, ƙanana, ƙanana,
kamar an zazzage buhun gurjiya,
na manya tsilli-tsilli a tsakani.

Ɗakin farko Baba Ndagi, Banufe.
Ya zo tun jiniyar masaƙa na tashin gari da asuba.
Jiniya ta yi shiru, shi bai koma ba.
Shekara nawa, Baba?
Ya nuna mangwaron tsakar gida: na girme shi.
Na rubuta saba'in, Allah ya yafe mini ragowar.

Kasham ta Zonkwa na tankaɗen acca,
ɗaya a baya, biyu a gindin turmi, ɗaya a ciki.
Na cikin fa, za a sa shi?
Na ce kati bai san wanda ke hanya ba.
Ta ce sauro ya sani.

Nkiru mai kantin magani, a nan aka yanke mata cibi,
Hausarta ta fi tawa gishiri.
Garin ubanta sau biyu ta taɓa gani,
duka biyun jana'iza ce ta kai ta.

Modu da ƙannensa huɗu, daga gabas.
Ba su faɗi abin da ya taso su ba,
ni ma ban tambaya ba.
Katin na da gurbin adadi,
ba shi da gurbin dalili.

Ɗaki na shida kwaɗo ne, ya yi tsatsa.
Masu shi sun haye gada
shekarar da gari ya tsage kamar goro,
kowa ya bi ɓarin da sunansa zai kwana lafiya.
Turminsu na nan, kowa na daka a ciki.
Na zana sifiri.
Duk yinin ban ɗauki lamba mai nauyinsa ba.

Na bakwai samari shida, katifa biyu,
takardun makaranta a leda saboda yoyo,
babur ɗaya suna karɓa-karɓa.
Suka ce Anti, in an gama ƙirga mu
a gaya wa mai rabon aiki jimillar.

Wata 'yar ƙwalisa ta riƙe mini alli, Zigwai.
Uba Bajju, uwa Bafulatana daga Kachia,
kakar da ta yaye ta Bagwariya.
Ba ya cikin kati, bakina ne ya yi ƙaiƙayi:
ke 'yar wace ƙabila ce?
Ta dube ni kamar na tambayi launin ruwa.
'Yar ɗaki na takwas.

Na zauna bakin rijiya na haɗa.
Arba'in da ɗaya.
Ashirin da huɗu ba su kai shekarun zaɓe ba,
mai furfura ɗaya tal.
Na raba biyu-biyu, gida ashirin,
saura mutum guda a waje:
Baba Ndagi, yana kora sauro da hula.

Kasham ta karkaɗe hannu a zani.
Haɗa shi da na cikina, ta ce,
tsoho da ɗan tayi, ai sun cika biyu.
Kafin wancan ya iso, wannan ya ɗumama masa wuri.

Na ba da ashirin da ɗaya.
A bango na rubuta arba'in da ɗaya da alli,
hadari na haɗowa ta wajen kogi.
Ban danna allin sosai ba.
Lambar da ma ba ta kwana biyu ba ce.