Abin da Silin Ya Ji

A hawa na huɗu, kan layin da ke gangarawa kogin Douro,
na kai gadona falo, na bar wa ganguna ɗakin.
Bargo uku a bango, katifa jingine da taga,
makirufo biyu, ɗaya na aro.
Wata bakwai ina dafa waƙa ɗaya
har harshena ya daina jin gishirinta.

Sai na raba wa mutane su ɗanɗana.

Anselmo ya saurara a tasinsa, tsakanin fasinja da fasinja,
ya ce, "Telmo, babbar gangarka kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali."
Ƙanwata Graciete ta ce farantan ƙarfen
kamar ana soya sadin a cikin kunnenta.
Rui, mai sitidiyo na gaske a tsallaken gada,
ya aiko da lambobi: rage nan, ƙara can, matse wancan.
Na rage, na ƙara, na matse,
har gangar ta koma ƙwanƙwasar baƙo mai kunya.
Haɗi na sha tara. Na ashirin.
Na raɗa wa wani "na ƙarshe",
mai bi masa "na ƙarshen ƙarshe".

Ran Talata aka buga ƙofa da kan sanda.
Dona Ermelinda, ta hawa na uku,
shekara tamanin da ɗaya, kunnen hagu ya yi ritaya.
Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.
Ta ce, "Ba ƙara na kawo ba.
Jiyar da ni abin da kake ta daka."

Na sa mata a kunnen da ke aiki.
Ta rufe ido, ta tsuke baki,
ta cire, ta miƙo min kamar mai mayar da kifin jiya.
"Wannan ba ita ba ce.
Wadda ke sauko min ta silin tana da ƙirji,
kofuna na mata rawa, cokula na amsa mata.
Wannan mura take yi.
Ka lulluɓe ta, ka hana ta numfashi,
kana kuma tambayar gari me ya same ta."

Ranar na sauke bargunan.
Na ja waya ta matattakala, mita goma sha biyar,
na tsayar da makirufon aro a kicin ɗinta,
tsakanin tukunyar miyar kabeji da kejin kanari.
Na hau, na zauna, na buga.

Da dare na kunna.
Ga katakon bene, ga iska, ga tsufan gidan,
ga gangata tsaye da ƙafafunta.
A minti na biyu kanari ya tsoma baki,
can kuma tari, guda ɗaya, gajere.

Anselmo ya ce yanzu madubin tasi karkarwa yake.
Rui ya tambayi wace manhaja na saya, nawa ne kuɗinta,
ya kuma ce in goge tarin.
Ban goge ba.
Ya faɗo daidai kan bugu na huɗu,
inda ni kaina nake yawan makara.

Kuɗin sitidiyon ta yanka da bakinta:
in hauro mata da tulun gas duk wata,
kuma ban da kiɗa lokacin labaran ƙarfe takwas.