Hancin Aro

Shekara huɗu ke nan hancina ya yi ritaya.
Zazzaɓi ya zo, da zai tafi ya tafi da shi.
Ba ƙamshin burodi, ba ƙaurin kuloci,
ni Tiberiu, da nake gane ciwon mota tun daga bakin ƙofa.

Ranar Talata, dusar ƙanƙara ta lulluɓe Baia Mare,
Zamfira likitar dabbobi ta shigo gareji
da tsohuwar motarta mai shan dizal,
gilasai duka a sauke, kunnuwa jajur,
karenta na biye da ita a ƙasa.
Ta ce: Gara sanyi da wannan wari.
Mako uku kaina na sarawa.
Jiya a hanyar Cavnic na yi hamma har na tsorata,
wannan kuwa ya ƙi shiga, sai da na ɗauke shi.

Na ce: Kare ya fi mu karatu. Ara mini hancinki.
Warin ɗanyen mai ne?
Ko mai zaƙi-zaƙi, irin na ruwan lagireto?
Ta ce a'a, mai yaji ne, mai kama maƙogwaro,
kamar ka tsaya bayan bas a tasha.
Yaushe yake zuwa?
In na tsaya a danja, hita na aiki.
In kin kama hanya?
Sai ya ragu.
In kin rufe iskar waje fa?
Ta yi jim. Ta ce: Ɓacewa yake. Ban taɓa lura ba.

To, ɓarawon nan ba ta baya yake shiga ba.
Duk da haka na duba,
don na taɓa rantsuwa a kan mota na sha kunya.
Robar but lafiya lau.
Na shiga rami da tocila, na bi salansa gaɓa-gaɓa:
tsatsa akwai, huda babu.
Na toshe bakinta da tsumma, ba inda ta yi tsaki.

Na ɗaga bonet, na ce ta tayar, ta bar shi a silo.
Kunne dai bai yi ritaya ba.
Ƙarƙashin ƙugin injin akwai wata 'yar murya,
caf, caf, caf,
kamar mai hura garwashi da gajeren numfashi.
Na cire murfin roba.
Ga shi nan a gindin nozul na uku,
baƙin abu ya taru ya daskare kamar kwalta.
Na ɗiga ruwan sabulu, ya tashi kumfa.
Taƙi biyu daga nan, ga bakin da fanka ke jan iska.
Injin na amayarwa, mai mota na haɗiyewa.

Ta sunkuyo, ta ja baya da tari.
Shi ne!
Na ce: Madalla, yau kin zama yaron gareji.

Awa uku ina lallashin nozul ya fito,
da mai, da haƙuri, da zagi kaɗan.
Wadda ta ci amana wosha ce ta jan ƙarfe,
ba ta kai zoben ƙaramin yatsa ba, ta tsage gefe guda.
Na sa mata a tafi. Ta jujjuya ta, ta ce:
Haka nake ciro ƙusa daga cikin saniya.
Na ce: Kuɗinta bai kai na kofi ba,
nemanta ne da tsada.

Da yamma ta ɗage gilasai, ta kunna hita,
ta zauna minti goma ido rufe, tana shaƙa.
Ni ina waje ina karanta fuskarta
yadda nake karanta ta matata a kan tukunyar miya.
Ta buɗe ƙofa.
Karen ya yi tsalle ya shiga da kansa.

Bayan sun tafi na kai woshar kusa da hancina,
don sabo ba ya jin magana.
Ba komai. Sanyin ƙarfe kawai.
Na jefa ta gwangwanin kan taga
wajen 'yan'uwanta,
na kashe fitila.