Baiti Sittin da Huɗu

A ƙauyenmu, gabas da Auyo, bayan asuba,
kwamfuta a cinyata, shayi ya huce a kofi,
farantin sola bai ga rana ba tukuna.
Gwaji ɗari biyu da goma sha ɗaya na saki,
duk suka dawo kore shar kamar fadama,
ɗaya tak ya yi jawur, ya ƙi tankwasuwa.

Jiya ya tsallake. Shekaranjiya ya faɗi.
Yau ya tsallake sau uku, na huɗu ya kife.
Ciwon da ke ɓuya in an je gaban likita,
shi ke hana mai jinya barci.

Na zargi sabis, na hau tudun bayan gida.
Na zargi zafi, na yi wa injin fifita.
Na zargi agogo, na zargi kaina,
na bi lissafin layi-layi da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Lissafi daidai yake. Gudu ne ya mutu:
ma'aikata biyu a cikin injin,
kowa da ƙidayarsa, ba mai taɓa ta wani,
amma in sun tashi tare sai su yi ta rarrafe.

Na rufe, na bi Kawu Haladu lambu.
Albasa ta yi kwana arba'in, tana neman ruwa.
Ilu da Mati na tarar suna cacar baki:
fangali ɗaya aka raba musu bara,
wannan gabas, wancan yamma, ba kunya a tsakani.
Ilu ya buɗe ruwa, na Mati ya jiƙe,
Mati ya toshe, na Ilu ya bushe,
rana ta take, ba wanda ya gama.

Kawu bai ce musu uffan ba.
Ya ɗauki fartanya, ya ja kunya a tsakiya,
ya tumɓuke dashe wajen ashirin.
Na ce, Kawu, ai ka yi asara.
Ya ce, Barira, ruwa bai san tushe ba,
fangali ya sani, dukansa yake sha.
Ƙasar da aka bari don iyaka ba ta ɓata ba.

Takalmina ɗaya na bari a taɓo.

Ashe inji ma ba ya awo da ƙwaya.
In ka roƙe shi baiti ɗaya daga rumbu,
sittin da huɗu zai ɗebo, tiya guda,
ya ajiye kusa da hannu.
Na ƙirga mazaunin kowa tun daga sifili.
Ga shi nan: watan jiya Sagiru, daga Zariya,
ya cusa 'yar tuta mai baiti ɗaya a sama,
ta ture na ƙasa, na ƙasa ya ture na ƙasansa,
har ƙidayar wannan ta faɗa layin wancan.
Kowa ya rubuta tasa, sai a ƙwace tiyar duka,
a kai, a dawo, a kai.

Na ja tawa kunyar.
Kowace ƙidaya ta fara daga bakin layinta,
takwas nata, hamsin da shida fanko,
na kafa sabon gwaji ya yi gadin iyakar
don kada gobe wani ya sake shuka a kanta.
Sagiru na rubuta wa: ba laifinka ba ne,
filin ne ba mu auna ba.

Na sa gwajin ya maimaita sau dubu.
A ɗari takwas da bakwai batir ya ɗauke,
duk kore, sauran sai rana ta fito.

Da magariba Kawu ya dawo, laka har gwiwa.
Na ce baiti sittin da huɗu ne suka wahalar da ni.
Ya ce, waƙa mai tsawo haka, wa ya rera?
Sai ya miƙo mini takalmina.