Harafi Ɗaya Tsakani

Barira ta zo da kayenta bayan la'asar.
Ta ce, Baffa, jibi ne jarrabawar Ingilishi,
ga kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya,
molda da simolda.
Mushe ya ce harafi ɗaya ne tsakani,
ni kuwa ko a duhu ba na rabe su, balle da rana.

Shekara talatin na sha ƙurar alli a lise,
sai na ɗauko tsohon ƙamus daga ƙasan akwati.
Gara ta riga ni zuwa.
Ta cinye inda nake nema,
shafin ya biyo yatsana kamar garin ƙuli.
Na ce, to, ta farko ta fassara kanta.

Sa takalminki, mu shiga Birni.

Ga gidan kakanki nan.
Ba wanda ya sa masa gatari,
ba ambaliya, ba gobara.
Damina ta lasa, ta tafi, ta dawo ta lasa.
Indararo ya faɗi, ba a mayar ba.
Azara ta yi laushi kamar rogon da ya kwana a ruwa,
zanen da magini ya yi a goshin zaure
ya koma ƙasa, tsinke tsinke,
har akuyar maƙwabta ta san ƙofar ɗakin amarya.
Taɓa katangar.
Kin ji sanyi?
Wannan ita ce molda:
abu ya riƙa barin kansa,
ba ƙara, ba zafi, ba ranar da za a ce yau ne.

Ta biyun kuma, tuna kakarki ta Mirriya,
Tabawa mai tukwane.
In ta jera randuna a rami
ta lulluɓe su da kandilo da ƙaiƙayi,
da magariba harshen wuta kan kwanta,
yara su ce ta mutu, su watse.
Ita sai ta yi dariya, ta ja tabarma kusa.
Sama toka, fara fat.
Ƙasa tana ci.
Hayaƙi siriri kamar zaren saƙa,
ba ya tashi, ba ya dainawa.
Na taɓa taka irin tokar nan ina ɗan shekara bakwai.
Ga tabon, har gobe.

Barira ta rubuta, ta ciji bik,
ta dubi soron da ya rufta,
ta dube ni.
Ta ce, to, kai da Babana fa?
Wacce ce a ciki?

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ni da Ma'azu, ciki ɗaya, nono ɗaya,
ba mu haɗa kwano ba saboda gidan nan.
A jana'iza mukan ba juna hannu,
yatsu huɗu, ido a ƙasa.
Shi ya ce a sayar, ni na ce a gyara.
Ba a sayar ba. Ba a gyara ba.

Na ce, yarinya, wannan ba ya cikin jarrabawa.

Muka biyo ta gindin duwatsu, tana gaba,
ladanin Zango yana gyaran murya.
Ni dai ina juya harafin nan a baki,
ɗan sautin da ake yi in ana hura garwashi.
Abin da ya marmashe, sai tsintsiya.
Abin da ke ci a ƙasa
yana iya ƙona rumbu,
yana iya gasa randa.

Da dare na tona kaskon shayi da tsinke.
Can ƙasa, ɗaya ja, kamar idon zakara.
Na daɗe ina kallonsa.
Lambar Ma'azu tana nan a wayata,
ban goge ba.